Daga dakon taragu zuwa teburin caca: Labarin jirgin Admiral da iyayen gidansa

A wannan makon za mu leƙa birnin St. Louis na jihar Mizuri a tsakiyar Amurka, inda kogin Misisipi ya raba jihar da maƙwabciyarta Ilinoi. Duk wanda ya ziyarci bakin kogin kafin shekarar 2011 zai tuna wani ƙaton jirgin ruwa mai launin azurfa, ɗaure a gaɓa, ba nisa da dogon ginin ƙarfen nan mai siffar bakan gizo da ake kira Gateway Arch. Sunan jirgin Admiral. Shekara 104 ya yi a kan ruwa: ya yi dakon taragun jirgin ƙasa, ya yi yawon shaƙatawa da iyalai, ya koma gidan caca, daga ƙarshe 'yan gwangwan suka yanyanka shi.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushen da ya zo karatu ko neman abinci da tsohon jirgin da ya riga ya zama tarihi? Ruwanmu shi ne, da yawa daga cikinmu muna zaune a garuruwan da gidan caca ko shagon cacar ƙwallo bai fi tafiyar minti goma daga ƙofar gida ba, wasunmu ma a aljihu suke yawo da shi cikin waya. Labarin Admiral kuwa yana nuna yadda wannan sana'a take shigowa gari da sallama, da abin da ake cinikinsa a duk lokacin da aka ce gidan caca ya sauya hannu.

Jirgin fito da gada ta kashe wa kasuwa

An ƙera shi ne a 1907 a garin Dubuque na jihar Ayowa, aka raɗa masa suna Albatross. Aikinsa fito, amma ba na mutane ba. A garin Vicksburg, can kudu, layin dogo yakan zo bakin Misisipi ya tsaya, domin babu gada. Sai a turo taragu a kan dogon da aka shimfiɗa a cikin jirgin, ya haye da su ɗaya gaɓar, su ci gaba da tafiya. A 1930 aka buɗe gada a Vicksburg, aikin Albatross ya ƙare.

A 1935 kamfanin Streckfus Steamers ya saye shi. Wannan kamfani na iyali ne, kuma ya daɗe da yin suna wajen jiragen shaƙatawa masu kiɗa da rawa. A jiragensa ne shahararren mabushin nan Louis Armstrong ya yi wasa yana saurayi, tsakanin 1919 da 1921, a ƙungiyar makaɗa ta Fate Marable. Zamanin wariyar launin fata ne, baƙar fata na busa, farar fata na rawa.

Streckfus ya kwashe saman Albatross gaba ɗaya, ya bar gindin ƙarfen, ya ɗora sabon gini mai hawa biyar bisa zanen wata mata mai suna Mazie Krebs. A watan Yunin 1940 jirgin ya fito da sabon suna, Admiral. Tsawonsa ƙafa 374, wato kimanin mita 114, yana ɗaukar mutum 4,400, kuma zauren rawarsa na da na'urar sanyaya ɗaki a lokacin da gidaje ƙalilan ne ke da ita. Kusan shekara arba'in yana kai mutanen St. Louis yawo a kogi, iyalai da rana, samari da 'yan mata da dare. A farkon shekarun 1970 aka cire masa injin tururi aka sa na dizal. Amma gindin nan na 1907 yana ta cin tsatsa a ƙarƙashin ruwa, kuma a 1979 rundunar tsaron gaɓar ruwa ta Amurka ta duba shi ta ce ƙarfen ya yi rauni, ba zai ƙara yawo da fasinja ba.

Daga nan aka fara miƙa shi hannu zuwa hannu. A 1981 wani attajirin birnin Pittsburgh, John E. Connelly, ya saye shi a kan dala 600,000. Aka cire injinan, jirgi ya zama gini mai iyo. Bai jima ba ya sayar wa wasu masu zuba jari na St. Louis, suka kashe miliyoyin daloli suka mai da shi wurin nishaɗi mai gidajen abinci da dandalin wasanni, suka ba kamfanin Six Flags riƙonsa. An buɗe a 1987, kasuwa ta ƙi, aka rufe. Daga baya jirgin ya sake komawa hannun Connelly, a daidai lokacin da wata sabuwar iska ta fara kaɗawa a bakin Misisipi.

Yadda caca ta shigo da sallama

Kafin ƙarshen shekarun 1980, manyan gidajen caca a Amurka na jihar Nevada ne da birnin Atlantic City. Garuruwan bakin Misisipi kuwa suna cikin ƙunci: manoma sun karye, masana'antun kayan noma suna rufewa, gwamnatoci na neman kuɗin shiga ba tare da ƙara wa jama'a haraji ba. Matsalar ita ce mutanen yankin masu riƙo da coci ne, ba za su yarda a gina musu Las Vegas a tsakiyar gari ba. Sai aka samo dabara. Aka ce ai ba gidan caca za a gina ba, jiragen da can za a farfaɗo da su domin masu yawon buɗe ido, cacar kuma ɗan ƙari ce a kan yawon, tana can kan ruwa, nesa da unguwa da makaranta.

Ayowa ce ta fara yin doka a 1989, jiragen farko suka tashi ranar 1 ga Afrilun 1991. Ɗaya daga cikinsu shi ne President na Connelly a garin Davenport, wanda shi ma tsohon jirgin Streckfus ne. Dokar ta zo da takunkumi: ba a zuba fiye da dala 5 a wasa ɗaya, ba a asarar fiye da dala 200 a fita ɗaya. Amma Ilinoi da jihar Misisipi sun yi tasu dokar a 1990 ba tare da wannan iyaka ba. A 1992 jirage biyu, Diamond Lady da Emerald Lady, suka bar Ayowa suka gangara Biloxi a jihar Misisipi, inda suka zama tushen kamfanin Isle of Capri. Ku riƙe wannan suna, za mu sake cin karo da shi. Ganin kasuwa na gudu, Ayowa ta cire takunkuminta a 1994. Shekara uku kacal ya yi.

A Mizuri, jama'a sun amince da cacar jirgi a ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamban 1992, bisa sharaɗin kada kowa ya yi asarar fiye da dala 500 a fita ɗaya ta awa biyu. Ranar 27 ga Mayun 1994 aka buɗe President Casino a cikin Admiral. Da farko babu injinan caca, domin kotun ƙolin jihar ta ce wasannin sa'a zalla sun saɓa wa kundin tsarin mulkin Mizuri. An kai maganar gaban jama'a a watan Afrilun shekarar, suka ƙi. Aka sake kaiwa a Nuwamba, suka amince.

Abin dariya a nan shi ne Admiral ba shi da inji, ba ya zuwa ko'ina. Duk da haka a takarda ana lissafa masa "fita" kowace awa biyu, a buɗe ƙofa mutane su shiga, a rufe, jirgi na nan ɗaure da igiya. Wasu kamfanonin ma ba su wahalar da kansu da kogin ba: rami suka haƙa kusa da gaɓa, suka cika shi da ruwa, suka ɗora gini a kai suka ce jirgi ne. Kotun ƙoli ta ce ba haka doka ta nufa ba a 1997, sai aka sake komawa ga masu ƙuri'a a 1998, aka halatta duk wanda ke cikin ƙafa 1,000 daga kogin.

Daren da kogi ya yi magana

Ranar 4 ga Afrilun 1998 da dare, kogin ya cika yana gudu. Wani jirgin turi mai suna Anne Holly ya taho yana tura jiragen dakon kaya marasa inji guda 14, yana haurawa sama. Da ya zo gadar Eads, ƙarfin ruwa ya rinjaye shi, kayan suka daki ƙafar gada, guda takwas suka ɓalle suka biyo ruwa. Wasunsu suka nufi Admiral, wanda ke ɗauke da mutum fiye da 2,000. Takwas daga cikin igiyoyi goma da suka ɗaure shi suka tsinke, bututun gas ya fashe, jirgin ya fara juyawa zuwa tsakiyar kogi, ga shi ba inji ba matuƙi. Matuƙin Anne Holly ne ya saki sauran kayansa, ya zo ya sa goshin jirginsa ya danne Admiral a gaɓa har aka kwashe mutane. Mutum 50 aka duba lafiyarsu, 16 aka kai asibiti, ba a rasa rai ko ɗaya ba. An ƙiyasta ɓarnar a kan dala miliyan 11.

Wato domin a cika sharaɗin doka na cewa caca sai a kan ruwa, an tara dubban mutane a abin da ba gini ba ne mai tushe a ƙasa, ba kuma jirgi ne mai iya ceton kansa ba. A shekarar 2000 aka matsar da shi gaba kaɗan zuwa arewa, inda ake ganin haɗarin ya ragu.

Mai gida ya karye, lasisi na nan da daraja

Kamfanin Connelly, President Casinos, ya shiga kasuwar hannun jari a ƙarshen 1992, lokacin da kowa ke rububin hannun jarin cacar jirgi. Sai dai riga malam masallaci ba ya hana wani ya zo ya fi ka sahu. Manyan kamfanoni suka gina sababbin wurare a kewayen St. Louis masu otal da filin ajiye motoci, Admiral kuwa tsoho ne, kuma duk sanda kogi ya yi ambaliya sai a rufe shi. Bashi ya taru. A 2000 kamfanin ya sayar da gidan cacarsa na Davenport ga Isle of Capri, a 2002 kuma ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki.

Aka sa Admiral a gwanjo. Kamfanin Columbia Sussex ya yi tayin dala miliyan 57, amma ya janye a 2005 da maganar lasisinsa ta cije a gaban hukumar kula da caca ta Mizuri. A ƙarshen 2006 kamfanin Pinnacle Entertainment na Las Vegas ya saye shi a kan fiye da dala miliyan 30.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tambaya. Jirgin da aka saya dala 600,000 a 1981, wanda ya ƙara tsufa da shekara 25, me ya sa ya kai wannan kuɗi? Kuma me Pinnacle zai yi da shi, alhali a lokacin yana gina katafaren gidan caca na Lumière Place 'yan taku kaɗan daga wurin, wanda ya buɗe a Disambar 2007? Amsar ita ce takarda. Abin da ke da daraja a Admiral shi ne lasisin da ke manne da shi, wato izinin gwamnati na buɗe ƙofa a karɓi kuɗin mutane. Wanda ya riƙe shi ya hana kishiya zama a ƙofar gidansa.

Darajar takardar ta ƙaru a Nuwamban 2008. A lokacin ne aka kai wa masu ƙuri'a wani ƙuduri da sunan tallafa wa makarantu, wanda kamfanonin Pinnacle da Ameristar suka ɗauki nauyin yaƙin neman amincewa da shi. Ƙudurin ya ƙara harajin gidajen caca daga kashi 20 zuwa kashi 21 cikin ɗari, ya ƙayyade lasisin jihar a guda 13, sannan ya soke iyakar asarar dala 500. Gwamnati ta sami ƙarin kashi ɗaya, kamfanoni sun sami katangar da ta hana sababbi shigowa, ɗan caca kuma ya rasa abu ɗaya tilo da ke tsayar da shi idan idonsa ya rufe.

Daga nan Admiral ya zama marainiya. Cinikinsa ya yi ƙasa, takardar ingancin gindinsa na gab da ƙarewa a tsakiyar 2010, hukumar caca kuma ta zargi Pinnacle da barin wurin ya lalace alhali yana riƙe da ɗaya daga cikin lasisi 13. Bayan ja-in-ja, kamfanin ya yarda ya miƙa lasisin. Ranar 24 ga Yunin 2010 aka rufe, kwanaki kafin wa'adi, domin kogi ya sake cika. An gwada sayar da jirgin a eBay, ba a daidaita da kowa ba. A 2011 aka yanke benayensa na sama, a watan Yuli aka ja ragowar zuwa Columbia ta jihar Ilinoi aka ƙarasa shi.

Lasisin kuwa bai yi kwanan banza ba. Hukuma ta ba Isle of Capri, kamfanin nan da ya samo asali daga jiragen da suka guje wa takunkumin Ayowa, ya buɗe sabon gida a Cape Girardeau a 2012, wanda ya koma hannun Century Casinos a 2019. Lumière Place ma bai zauna a hannu ɗaya ba: Tropicana Entertainment ya saye shi a 2014 a kan dala miliyan 260, Eldorado Resorts ya haɗiye Tropicana a 2018, Eldorado ya haɗe da Caesars a 2020, a 2022 aka sauya wa wurin suna zuwa Horseshoe. Shi kansa Pinnacle, Penn National ya saye shi a 2018. A 2021 Mizuri ta sassauta doka har ta kai gidan caca zai iya zama a kan ƙasa, muddin yana kusa da kogi kuma akwai galan 2,000 na ruwa a cikinsa ko a ƙarƙashinsa. Abin da ya rage na jirgi ke nan, tankin ruwa.

Abin da bai taɓa sauyawa ba

Iyayen gida sun zo sun wuce, wasu sun ci riba, wasu sun karye. Amma a lura, waɗanda suka karye bashi ne da kishiyoyi suka karya su. Babu ko ɗaya da 'yan caca suka cinye, domin lissafin wasan ba ya barin haka ta faru.

Ɗauki wasan faifan nan mai juyawa da ake jefa ƙaramar ƙwallo a ciki. A Amurka gurabensa 38 ne: lamba 1 zuwa 36, da sifili, da sifili biyu. Idan lambarka ta fito, a ba ka ninki 35 haɗe da abin da ka zuba. To a ce ka zuba dala ɗaya a kan kowace lamba. Ka kashe 38, dole ɗaya ta ci, a miƙo maka 36. Dala biyun nan na gida ne, wato kashi 5.26 cikin ɗari na duk abin da ya bi ta teburin. Mai zuba dala 10 sau 40 a awa ɗaya ya juya dala 400, kuma a tsawon lokaci asararsa za ta daidaita a kan kimanin dala 21 duk awa. Ɗalibin da ke aikin wucin gadi a makaranta ya san gumin da ake yi kafin a sami wannan kuɗi. Wannan 'yar rata ce kamfanoni ke saye da sayarwa da miliyoyin daloli. Idan aka ce an sayi gidan caca, abin da aka yi wa farashi shi ne asarar da ake sa ran mutanen garin za su yi a shekaru masu zuwa.

Ko sa'ar ta zo, ba duka ne naka ba. Wanda dokar haraji ta Amurka ba ta ɗauke shi mazauni ba, kamar yawancin ɗalibai a shekarunsu biyar na farko, akan cire masa kashi 30 cikin ɗari daga babban cin da ya yi a injin caca, kuma Najeriya da Nijar da Ghana ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka da za ta sauƙaƙa wannan.

Hukuncin caca a addini sananne ne, ga aya ta 219 a Suratul Baƙara da ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida, kuma malamai sun fi ni iya bayani. Abin da nake so mu duba shi ne halin da baƙunta ke jefa mutum. A gida akwai idon unguwa, wanda ya shiga gidan karta kafin ya fito labari ya riga shi zuwa gida. A nan babu wanda ya san ka. Ga kaɗaici, ga sanyi, ga kiran waya daga gida ana jiran kuɗin makaranta da na asibiti da na azumi. A irin wannan hali ne zuciya ke raya wa mutum cewa dala ɗari biyun da zai aika za ta iya zama dubu kafin gari ya waye. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya faɗa kuma kunya ke hana shi magana, sai ya ci adashin 'yan'uwa ko kuɗin rajistar zango, sannan a ji.

Tarihin nan ya nuna cewa takunkumin da gwamnati ke sawa ba ya daɗewa. Na Ayowa ya yi shekara uku, na Mizuri ya kai 2008, sharaɗin kogi ya koma tankin ruwa. Tun da kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar cacar wasanni a Mayun 2018, ba a ma buƙatar zuwa bakin kogi, kuma masu ƙuri'a a Mizuri sun amince da ita da ƙyar a Nuwamban 2024. Saboda haka shingen da ya rage shi ne wanda mutum ya yi wa kansa, da wanda jama'arsa suka yi masa.

Akwai hanyoyi a aikace. Tun 1996 Mizuri ke da rajistar da mutum zai sa sunansa da kansa a hana shi shiga gidajen caca, kuma jihohi da dama sun bi sahu. A Amurka akwai layin taimako kyauta na 1-800-GAMBLER. A Birtaniya akwai GamStop, inda rajista ɗaya ke toshe wa mutum duk shafukan caca masu lasisin ƙasar, bankuna da yawa kuma suna ba da damar toshe biyan kuɗin caca daga kati. Shugabannin ƙungiyoyinmu da limaman masallatanmu su san waɗannan, su kuma zama mutanen da ɗan'uwa zai iya tunkara a asirce ba tare da labarinsa ya zaga zauren WhatsApp ba. Wanda ya ga abokin zamansa ya fara yawan rance, ko yana raba dare a kan waya ranar wasan ƙwallo, ya ja shi gefe tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Allah Ya tsare mana guminmu, Ya sa albarka a abin da muke aikawa gida. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.